Magaji da jan biro

Bana shekara shida ke nan da rasuwar Magaji. Kaka ce, shekarar da gero ya yi kyau har rumbu ya kasa ɗauka, muka yi girbi ba mai murna. Mota ce ta kife da su tsakanin Agiye da Maradi. Ɗana na fari ne, ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, a jarida ma ba zan fara ba.

Na daɗe ban gane aikinsa ba. Ya ce mini masu haɗa manhajar waya suna da kayan da ke gwada musu aiki kafin ya isa hannun jama'a, kamar yadda muke jiƙa iri a tsumma mu ga ko zai tsiro. Sai dai kayan gwajin in sun ga kuskure, jan rubutu suke zubowa, shafi guda, sabon shiga ya rasa ta ina zai kama. Da yawa nan suke ajiye koyon.

Na yi dariya, na ce ai na san wannan. A ajin yaƙi da jahilci malaminmu kan ja mini jan biro bisa layi, bai faɗi harafin da na ɓata ba. Sau biyu ina barin ajin.

Ya ce, "Inna, me ya maido ki?"

"Wata malama ce. Ita yatsa take ɗorawa a wurin, ta ce sake wannan kaɗai."

Daga nan ya kama gyaran kayan gwajin, su nuna wuri ɗaya, su faɗi abin da ake jira da abin da aka samu, cikin magana mai taushi. Yakan zaunar da masu koyo ya harɗe hannu a baya, duk inda suka cije ya ce laifin bayaninsa ne.

Yanzu ga ƙanwarsa Rakiya tana ta cewa za ta Maradi koyon wannan aiki. Na hana ta tun bara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Hanyar nan ba na son ko jin sunanta. Nakan ce da yana nan me zai ce? Na sani, ba zai yi gardama da ni ba, zai zauna ne ya jira.

Ran nan ta kawo ordinater ɗin ƙawarta, wato kwamfuta, ta ɓata wani aikin manhaja da gangan, ta sa kayan gwajin suka duba, ta fassara mini abin da ya fito: "An kusa. Duba layin nan kaɗai." Ta ce, "Inna, har yau da gyaran Yaya ake koyo."

Kabarinsa ya kwanta, tufafinsa mun bayar, amma haƙurinsa na can yana zaunar da ƴaƴan mutanen da bai taɓa gani ba. Allah ya jiƙansa.

Washegari na daka mata yaji da kuka, na raka ta tasha. Da kaina na zaɓar mata direba, dattijo mai furfura.