Soledad da ɗan farin Asama'u

Asama'u 'yar Maraɗi ce, ɗakinta na kallon nawa a benen da muke haya a Giza, ƙasar Masar. Irin matan nan ne da sai ka yi musu tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya, ita ma rabi. Ta daɗe tana aiki a unguwar Ma'adi, gidan wata tsohuwa 'yar Sifen da mijinta, mutumin Masar, ya mutu ya bar ta a keken guragu. Ƙafa ta tafi, baki kuwa yana nan daram. Sunanta Soledad. Asama'u ke yi mata wanka, ta dafa mata miyarta marar yaji, ta tura ta baranda shan iska.

Tsohuwar ce ta gaya mata asalin sunan, ba tare da kowa ya tambaye ta ba. Ta ce a yarensu ma'anarsa kaɗaici. Kiristocin ƙasarsu suna raɗa wa 'ya'ya mata shi don tunawa da Nana Maryamu, da zaman da suka ce ta yi ita kaɗai bayan an raba ta da ɗanta. Da Asama'u ta ba ni labari na ce lalle iyayen nan ba su da tausayi, ina laifin Sa'adatu. Ba ta yi dariya ba.

Abu ɗaya ya hana su jituwa. Asama'u ta bar ɗan farinta a gida wurin mahaifiyarta, kuma kamar yadda ta tashi ta ga ana yi, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. Soledad ta ɗauka rashin ƙauna ne. Kullum sai ta tambayi sunan, kullum Asama'u ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ta shige kicin.

Bara babur ya kaɗe yaron a hanyar kasuwa. Kafin waya ta same ta an riga an kai shi makwancinsa. Na zauna makoki da ita, ina kuka ina jin haushinta, don ita ido kawai take bin mu da shi, tana cewa Allah ya ji ƙansa kamar ita ce ta zo gaisuwa. Bayan addu'ar uku ta hau jirgin ƙasa na metro ta koma aiki.

Soledad ta ce tana so ta yi masa addu'a irin tasu, amma ba ta san yadda ake roƙa wa mutum marar suna ba. A lokacin Asama'u na taje mata kai. Ta ce min ta nemi kunyar a ranta ta rasa, tunda wanda ake jin kunyar ba ya nan.

"Isufu," ta ce.

Tsohuwar ta maimaita a karkace. Asama'u ta gyara mata, ta ci gaba da tajewa.

Na tambaye ta me ta ji da sunan ya fito daga bakinta. 

"Ba komai, Huda. Kamar sunan ɗan maƙwabta."