Barewar Haƙorin Gutnel

A tudunmu na Finnmark, can ƙasar ƙanƙara a ƙarshen arewa inda barewa ce dabbar kiwo, in kana son ɓata wa mutum rai ba sai ka zage shi ba, tambaye shi kawai bareyinsa nawa. Biera kuwa, wanda zan ba ku labarinsa, in baƙo ya yi masa wannan katoɓara ba ya fushi. Sai ya nuna itace da haɓa ya ce, "Akwai a wannan gefen, akwai a wancan gefen," ya ci gaba da kurɓar gahawarsa.

A tanti aka haife shi, kan hanyar kai garke bakin teku. Kafin ya san baƙi ya iya karatun kunne, don kowane mai barewa a wurinmu yana da tasa tsaga da yake yi wa kunnen dabbarsa. Ubansa ya koya masa yankan a kan ɓawon itace, tun yana ɓatawa har hannu ya faɗa. Ya kuma bar masa magana guda: "Barewa ita ke ciyar da kanta. Ranar da ta ci a hannunka ta zama saniya, kai kuma ka zama bawanta." Biera ya riƙe wannan fiye da abin da ya ji a coci.

Gajere ne, ƙafafu a gwame, magana sai ta kama dole. Matarsa Ravdna takan ce don shirunsa ta aure shi, ba ta san ita za ta yi ta yin maganar mutum biyu har tsufa ba. 'Yarsu ɗaya, Risten, tana aikin jinya a garin Kautokeino, kuma a kakar bara waccan ta haifi mace, aka sa mata Gutnel.

To, kun san al'ada. Wanda ya fara gano haƙorin farko na jariri, shi zai ba shi barewa mace, a tsaga mata shaidar yaron. Duk abin da ta haifa nasa ne, daga nan garken mutum yake somawa. Biera ya ƙudurta ba wanda zai riga shi. Tun Gutnel tana ciki ya zaɓi wata 'yar barewa mai farin hanci, ranar tsaga kunne ya hana a taɓa ta. Shaidar ma ya riga ya tsara a ransa: ta mahaifiyarsa ce, da ƙarin 'yar tsaga ɗaya a kunnen hagu.

Lemet, ɗan kawunsa kuma abokin kiwonsa tun suna yara, ya samu abin tsokana.

"Barewa mai cikakken kunne ai ta wanda ya tsinta ce, gwame. In ta shigo cikin nawa kada ka zo kana mini zare ido."

"Taɓa ta ka gani, kunnenka zan tsaga," in ji Biera.

Duk ranar da ya shiga gari, kafin ya cire hula ya nufi shimfiɗar jaririya da yatsa a miƙe.

"Haba Baba, wanke hannu tukuna," Risten za ta ce. "Wata biyu gare ta fa. Haƙorin me?"

"Jininmu da wuri muke cizo. Tambayi uwarki."

A farkon hunturun dusar ƙanƙara ta sauka yadda ake so, mai laushi, wadda barewa ke tonawa da kofato ta cimma farar gansakukar da ke ƙasa. Sai iska ta juyo daga teku da ɗumi. A tsakiyar watannin duhu da rana ba ta fitowa sam, lokacin da yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa, sai ga ruwan sama kamar da damina. Ya yi kwanaki yana zuba, sannan sanyi ya dawo ya ɗaure komai. Tudu duka ya zama faranti guda na ƙanƙara, abinci yana ƙasa ana hango shi, ba halin kaiwa gare shi. Bareyi suka yi ta duka da kofato har jini ya ɓata wurin.

A zamanin uban Biera irin wannan takan zo sau ɗaya a kuruciyar mutum, har ya tsufa yana ba da labarinta. Yanzu ba a shekara uku ba ta leƙo ba. Sauran makiyaya sun daɗe da saduda, sun koyi sayen abincin dabbobi na buhu. Ruwan bai gama daskarewa ba Lemet ya ɗauro buhuna a bayan babur ɗinsa na ƙanƙara, ya tsaya a ƙofar Biera.

"Ɗan'uwa, zo mu haɗa kai mu saya tun da sauran dama. Mai kanti ya ce can ƙasashen da ke noma hatsin da ake haɗa abincin, fari ya cinye musu gonaki, kuɗin buhu kullum hawa yake. Su rana ta ƙone su, mu ruwa ya jiƙa mu, kuma duk aljihunmu za a zo a lalube."

"Je ka ciyar da shanunka," Biera ya ce. "In sun fara ba da nono ka aiko mini."

"Taurin kan nan naka da zai fasa ƙanƙara da mun huta."

Biera ya kora garkensa can saman tsauni, inda ubansa ya taɓa tsira da nasa saboda iska tana share wurin. Ya tarar nan ma ruwan ya riga shi. Ya gangara wani kwari, haka. Ya ce a jira, iska za ta sauya. Ranar da rana ta fara leƙowa bayan dogon duhu, ranar da yara ke fita yi mata maraba, shi yana tsaye yana kallon ƙananan garkensa suna kwanciya ba sa tashi.

Da ya dawo gida ya tarar Ravdna tana jiransa. Ta ɗauko babbar ƙawanyar azurfa da ta maƙala a ƙirji ranar aurensu, ta ajiye kusa da kofinsa.

"Tsoho, ubanka ya yi zamaninsa da irin hunturunsa. Wannan ba nasa ba ne."

Ya sayar da azurfar, ya sayar da kwalekwalen da suke kamun kifi da shi. Buhun da Lemet ya saya a farkon sanyi yanzu ya ninka kuɗi. Ya kwaso abin da ya samu, ya farke buhunan, ya zuba wa dabbobinsa tuli guda, yana cewa, "Ku ci, ku ci, ku yafe mini." Suka ci har suka ƙoshi.

Abin da duk mai ciyar da buhu ya sani, Biera bai sani ba, don duk lokacin da aka ɗauko zancen tashi yake ya bar wurin. Cikin barewar da yunwa ta riga ta cinye ba ya karɓar wannan abinci farat ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, a cakuɗa da gansakuka, kuma tun tana da ƙarfi. Lemet ya ji labari ya taho a guje, ya tarar aikin gama ya gama. Ya tsaya yana duban tulin abincin.

"Da ka kira ni, Biera."

"Da na kira ka."

Cikin kwanakin da suka biyo baya suka yi ta mutuwa da ciki a cike. Waɗanda suka rage, da ya ga ba shi da abin riƙe su har ƙanƙara ta narke, ya kira motar mahauta ta kwashe. Mai farin hanci kaɗai ya hana. Ya ɗauko ta a kan allon katako da ake ja bisa ƙanƙara ya kawo ta rumfar bayan gida, Ravdna tana bi gida-gida tana roƙon gansakuka tafi-tafi tana ba ta a baki. Har ta fara miƙewa tsaye, har ta fara bin Ravdna da ido. Ana saura mako guda bikin Ista, da safe suka tarar ta mutu har ta yi sanyi, kunnuwanta cikakku.

Ranar Ista kowa ya shigo gari da kayan ado. Bayan coci aka taru gidan Risten, har da Lemet. Biera ya wanke hannu ba tare da an ce masa ba, ya zauna, aka ɗora masa Gutnel a cinya. Bai miƙa yatsa ba. Ita ta kamo shi da kanta ta kai baki, ta datsa. Ya ji ɗan kaifi a dasashin ƙasa, kamar ƙwayar shinkafa.

Ya so ya yi shiru, wani ya gano gobe. Amma Ravdna ta shekara arba'in tana karanta shirun mutumin nan.

"Ya fito ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Zo gobe ka zaɓi wadda kake so cikin nawa," Lemet ya ce a hankali. "Ba wanda zai ji."

"Ni zan ji. Ni na gano haƙorin, ba kai ba."

Ya miƙa wa Risten yarinyar, ya je wurin murhu ya ɓanɓaro ɓawo daga itacen wuta. Ya zaro wuƙarsa ya fitar da siffar kunnuwa biyu, ya yi musu tsagar mahaifiyarsa, ya ƙara 'yar ƙarama a na hagu. Ya ba Risten.

"Ki ajiye mata. In ta girma ki ce kakanta ya yi mata shaida, dabbar ce bai iya riƙewa ba."

Yanzu Biera yana aiki a wurin Lemet. Shi ke ɗaukar buhuna a babur yana kai wa garke, yana auna musu kaɗan-kaɗan, kuma an ce ba wanda ya kai shi kula. Kwanan baya wani baƙo daga kudu ya same shi yana hutawa, ya tambaye shi nasa nawa ne a ciki. Biera ya daɗe yana duban itacen da ke gabansu.

"Itacen dai yana nan," ya ce.