Gangar da Shebwana Ya Zauna a Kanta

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da teku ta ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, Shebwana masunci ne a tsibirinmu. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin girki a jirgin wasu masu bincike, waɗanda ke haƙo laka daga ƙasan teku don su gane ko za a iya binne sharar nukiliya a can ba tare da ta tsiyayo ba. Bai ji ƙarshen bincikensu ba, amma ya riƙe alamar da suke tsoro, baƙa mai kunne uku a kan rawaya.

Wata safiya raƙuman ruwa suka turo ganga mai tsatsa bakin gaɓa, da alamar nan a jikinta. A al'adarmu, abin da teku ta jefo na wanda ya fara ɗaura masa igiya ne, muddin bai gusa daga wurin ba. Shebwana ya riga kowa ɗaurawa, ya hau ya zauna, ya aika a kira hukuma daga babban gari.

Kombo maƙeri, ƙanen matarsa, ya iso da guduma. Ya ce, "Yaya, kwanci kake yi kamar kaza? Sauka in fasa, mata na neman mazubin ruwa!"

Shebwana ya ce, "Ruwan da aka zuba a nan, ko jakinka ba zan ba shi ba."

Kombo ya kawo mini ƙara, ni limamin gari. Na hukunta cewa gangar ta Shebwana ce matuƙar yana wurin. Ban san nauyin abin da na ɗora masa ba.

Iska ta hana jirgin hukuma tasowa kwana da kwanaki. Kombo ya tare a gindin kwakwa da gudumarsa, yana jiran Shebwana ya tashi ko da kama ruwa ne. Shebwana kuwa a wurin gangar yake salla. Idan matarsa ta kawo shinkafa, sai ya tsayar da ita daga nesa, ya jawo kwanon da sanda.

Da ma'aikatan suka iso, na'urarsu ta auna gubar nukiliya ta fara ƙara tun ba su ƙaraso ba. Shugabarsu ta ɗaga murya: "Baba, sauka! Tun yaushe kake kanta?"

Aka tafi da gangar a rufe. Shi kuwa cinyoyinsa suka saluɓe, gashinsa ya zube, bai ga damina ba. Kombo ne ya haƙa kabarinsa, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

Allah Ya jiƙan Shebwana, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara. Amin.