Tsohon da ke riƙe makunnin ruwa

Ubangidanmu a Bahiya, can ƙetaren teku, Bature ne ɗan kasuwa, mu kuwa bayinsa. Yana da kifaye a cikin akwatin gilashi, na kallo, ba na ci ba. Masunta ke kawo su daga ƙauyen Itapuã, da ruwan teku a ganga.

Ruwan akwatin yana gangarowa ta bututu zuwa wata randa a ƙarƙashin bene. Aikina in yi ta buga famfon hannu ruwan ya koma sama. A jikin bututun da ke mayar da shi akwai makunni na tagulla. In an buɗe da yawa, ruwa ya tayar da yashi, ya riƙa maka kifayen da gilashi. In an matse, su taso sama suna haki. Makunnin ya cinye, girgizar famfo tana kwance shi. Dole wani ya zauna ya riƙe.

Mai riƙewar wani tsoho ne Bazazzagi. Ƙafa ɗaya ta mutu, ido ya yi rauni. Makunnin nan ne kaɗai ya hana a kai shi gonar rake, inda ake zubar da waɗanda suka ƙare. Ya sani, na sani. A gidan kaf, da shi kaɗai nake Hausa. Sauran Yarbanci suke yi, ko bakin Turawan.

"Kai Bakano, sassauta," yakan ce. "Famfon ne ya cinye maka tuwo?"

"Kai dai riƙe, Baba, sarkin kifi."

"Sarkin da bai taɓa ɗanɗana talakawansa ba."

Tun da aka murƙushe boren mutanenmu, bayi Musulmi, a unguwar Água de Meninos, sallah ta koma ta ɓoye. Shi a zaune yake yin tasa, hannu ɗaya a kan makunni. Abin yana cin ransa. Ya ce ya tsufa yana raba hannuwansa tsakanin Allah da kifin kafiri.

Wata rana ya samo kaba, ya tufka igiya irin wadda ake ɗaure guga da ita a gida. Ya daidaita makunnin, ya ɗaure mariƙinsa a jikin ƙusa, ya saki. Na buga famfo. Makunnin bai motsa ba.

"Baba, kwance abin nan."

"Azahar kawai zan yi, ɗana."

"Za a gani."

"Wa ke saukowa nan? Ɓera ma sai ya rasa wurin zuwa."

Ya tari ruwan da ke ɗiga ya yi alwala, ya ɗaga hannu biyu ya yi kabbara. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sai na ci gaba da buga famfona. Daga nan kullum haka yake yi.

Ranar da ubangida ya sauko, da baƙo ya zo, zai nuna masa yadda ruwan ke tafiya. Tsohon ya idar, yana gefe yana murza gwiwa. Ba a ga sallar ba. Igiyar aka gani. Ubangida ya taɓa ta, ya dubi makunnin, ya aika a dubo kifayen. Aka ce lafiyarsu ƙalau. Ya yi dariya, ya nuna wa baƙon ƙullin, yana yabawa. Sannan ya dubi tsohon, ya daɗe yana dubansa.

Da bulala ya sa aka yi masa, da ya fi mana.

Kafin Juma'a aka ce ya tattara kayansa. Ba shi da kaya. Ni na goya shi zuwa bakin ruwa, inda kwalekwalen gonar rake ke jira. Ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara.

"Ka yafe mini, Bakano," ya ce a bayana. "Na bar ka ba abokin hira."

Na sauke shi a tsakanin buhuna, na dawo, domin famfo ba ya jira.

Bayan girbi na tambayi mai kwalekwalen. Ya ce wane tsoho, ai tsofaffin suna da yawa.