Kwalaben Baba Ghali Ba Asiri Ba Ne

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Ghali mahauci a ƙauyensu da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, bayan jinyar kwana huɗu. Ɗansa Sadiq ne ya kira ni. Na kamo hanya daga Kano, na tarar ana shirin sallatarsa, kuma sahu biyu kacal aka yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana yi wa gari yanka, sahu biyu. Na san dalili, domin da hannuna a ciki.

Sunana Mu'azu, likitan dabbobi ne ni, ina kuma koyarwa a Kano. Shekara uku da suka wuce na fara bincike kan tsakuwar da ke fitowa a ƙoda da mafitsara. Ragunan kiwo suna yin ta kamar yadda mutane ke yi, musamman ragon da aka ɗura wa dusa aka ƙaranta masa ruwa, har fitsari ya gagare shi. Muna duba ta rago ne don mu fahimci ta ɗan'adam. To amma mai fiɗa ne kaɗai ke ganinta, shi ya sa na bi mahauta ina roƙo. Mutum shida suka yi mini dariya. Kai kuwa, Baba, ka goge hannunka, ka ce ciwon nan ne ajalin mahaifinka, ka ga yadda ya riƙa birgima a ƙasa, in kawo abin zubawa kawai.

Ban taɓa barin rumfarka ba tare da ƙunshin balangu ba, ko na rantse na ƙoshi. Ina tune da gwauruwar da ta kawo maka ragonta yana nishi, tana son ka saya ko nawa ne kafin ya mace. Da wani mahaucin ne, da tuni ya wasa wuƙa. Kai sai ka ɗora ragon a babur har Tudun Wada inda nake aiki ranar, muka buɗe masa hanyar fitsari, matar ta sayar da abinta da daraja a Babbar Sallah.

Na ba ka ƙananan kwalabe, kowace da lambarta. Ka ce lambar boko ba ta zauna maka ba, sai ka riƙa liƙa takarda kana rubutawa da ajami: sunan mai ragon, abin da ragon ke ci, rijiyar da yake sha. Na yi dariya, na yaba, har na nuna wa ɗalibaina. Ni da na tashi a Kiru, ni da na san abin da mutanenmu ke ɗauka idan suka ga kwalba ɗauke da sunan mutum, wallahi ko a raina ban kawo ba. Wautar tawa ce.

A watan Fabrairu fitsari ya ɗauke wa Alhaji Balarabe, dillalin raguna na garin. Cikin makon nan wani mahauci ya leƙa ƙarƙashin teburinka yana neman dutsen wasa wuƙa, ya ci karo da akwatin da kake ajiye kwalaben. Kwalba ta uku da ya ɗaga, sunan Balarabe ne a jiki. Kafin azahar magana ta gama kasuwa. Dattawan mahauta suka zaunar da kai, ka faɗa musu gaskiya, suka ce ka kawo likitan ya tsaya a gabansu, kafin nan a ɗauke teburinka. Mutanen da ka yanka wa ragon suna suka koma sauya hanya idan sun hango ka.

Sau uku ka kira ni. Na farko na ce ɗalibai suna jarrabawa. Na biyu na ce a bari azumi ya wuce. Na uku na aiko da takarda da Turanci, har da hatimi, ina ganin na fita. Ka ce mini a waya, "Mu'azu, takarda ba ta iya rantsuwa. Yini ɗaya nake roƙo." Na ce in sha Allahu mako mai zuwa.

Yanzu ga abin da ya kamata in faɗa tun kana da rai. Jama'ar gari, abin da ke cikin kwalaben nan tsakuwar raguna ce, ni na sa a tara, ni nake kwashewa in kai ɗakin gwaji. Baba Ghali bai yi wa kowa asiri ba. Alhaji Balarabe yana nan da ransa, an yi masa aiki an ciro tsakuwa, ku tambaye shi ya nuna muku. Ranar kasuwa mai zuwa zan zo da alwalata in tsaya a gaban dattawa, kowa ya tambaye ni abin da ya ga dama. Roƙona ɗaya ne, a mayar wa Sadiq teburin mahaifinsa kafin Sallah, kada zargin ya bi gidan har jikoki. Ban san ko za su saurari mutumin da ya zo a makare haka ba.

Da na shiga yi wa Inna Baraka, matar marigayin, gaisuwa, na shirya wa kowace irin baƙar magana. Daga bayan labule ta amsa, sannan ta ce, "Ya bar saƙo. Ya ce idan ka zo kada wanda ya yi maka faɗa, aiki ne ya yi maka yawa." Na kasa ɗaga kaina.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ghali, ka yalwata kabarinsa, ka sa abin da ya haɗiye ya zama kaffara gare shi, ka wanke sunansa a bakin bayinka. Inna Baraka, Sadiq, Humaira da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ni kuma ku yafe mini, domin wanda ya kamata in roƙa yana ƙarƙashin ƙasa.