Turmin da Ya Hana Ni Sakat

Aikina a shekarun nan bai wuce zama gaban kwamfuta ba, a wani ofis da ke bayan Kakuri a Kaduna. Muna da na'urori masu jin motsin ƙasa, binne a ƙauyukan kudancin jihar, kowace tana turo mana layin motsin da ta ji a kan allon kwamfuta. Manhajar ofis kan shafa wa kowace launi: kore lafiya lau, rawaya akwai hayaniya, ja ta mutu. Nawa dai in ga kore ya yi yawa kafin oga ya leƙo.

Guda ɗaya ce ta hana ni sakat. An binne ta kusa da gidan wata tsohuwa, ita kuwa kullum da hantsi sai ta daka acca. Kowane bugun taɓarya sai ya fito a layin kamar haƙoran zarto, manhaja ta koma rawaya, oga ya sauke mini kwandon faɗa. Ni kuma ba a san ni da haƙuri ba. Takanas na je ƙauyen na ce, "Mama, don Allah ki matsar da turmin nan, kina ɓata mana aiki."

Sai da na maimaita da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, turmina ya riga injinku zuwa. Zauna ka sha kunu."

Na sha, na dawo Kaduna da haushina, ita kuma ta ci gaba da dakanta.

Wata Litinin na tarar da na'urar ta yi kore. Talata ma haka, Laraba haka. Har bugun ƙirji na yi, ina cewa tsohuwa ta ji magana. Ranar Alhamis wata abokiyar aikina, 'yar wannan yankin, ta tsaya a bayana tana kallon layin.

"Ina injin niƙa?" ta ce. "Ina babura? Ina gangar coci ta Lahadi? Garin da ke da mutane ba ya yin tsit haka."

Na ja layin baya har safiyar Asabar. Ga dakan nan, ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wani hargitsi ya hau kansa, irin na ƙafafu da yawa a guje. Dakan bai tsaya ba. Hargitsin ya lafa, ana ta daka. Can sai ya yanke, bai sake dawowa ba.

Washegari muka je wani coci a Sabon Tasha, inda waɗanda suka tsere wa harin da aka kai ƙauyen suka sauka. Aka nuna mini ɗiyar tsohuwar nan mai daka, tana zaune a kan benci, ƙafafunta a kumbure. Ta ce tana gona aka shigo garin, kuma ba wanda ya ga uwarta tun ranar. Da ta ji aikina sai ta kama hannun rigata.

"Malam, an ce injinku na jin komai. Ya ji ta gudu tare da mutane?"

Na san amsar, har mintin da taɓaryar ta tsaya na sani. Tsoro ya kama ni, na ce, "Injin ba ya jin irin wannan."

Ta saki rigata, ta ce to, za ta ci gaba da jira. Watanni bayan haka na wuce ta ƙofar cocin a keke napep, na hango ta a bakin titi tana leƙa kowace motar da ta shigo daga kudu. Ban ce wa direba ya tsaya ba.