Kujeru a Bakin Ruwan Ajegunle

A shekarun da sojoji suka koma bariki, wata dattijuwa Bayarbiya ta ba mu aikin gyara filin da ke bayan gidanta a bakin ruwa a Ajegunle. Ni ne mai shuka. Abokina, kafinta ɗan kudancin Kaduna da muke haya gida ɗaya a Agege, shi ne mai kujeru. Ya yi su da katako mai nauyi, masu faɗin baya, ya goge su har sai da na tambaye shi ko aurensu zai yi.

Ran da muka kawo su, matar ta tafi kasuwa. Muka buɗe ƙofar baya, muka ga fili shimfiɗe har bakin ruwa, baƙi kamar fadama. A garuruwanmu ruwa da damina yake zuwa, ya tafi da rani. Babu wanda ya taɓa gaya mana akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da rana.

Abokina ya ɗora kujera a ka, ya ce zai nemo inda iska ta fi daɗi. Ina haƙa ramin lalle na ji ya kira ni a hankali. Laka ta kama shi har gwiwa. Na yi masa dariya, sai na lura ruwan da ke can nesa ɗazu ya zo bayansa. Ga shi daga ni har shi babu wanda ya iya iyo.

Ihu ma tsoronsa muke. A lokacin gari ba lafiya, mai jin Hausa ba ya son ɗaga murya a unguwar da ba tasa ba. Na miƙa masa ƙotar shebur, ba ta kai ba. Duk motsin da ya yi sai ya ƙara nutsewa, ruwa ya kai masa cinya.

Na jawo sauran kujerun. Ya gane nufina, ya hau roƙona wai in nemo wani abu, bai ko shafa musu mai ba. Raina ya ɓaci.

"Ɗan'uwa, rufe mini baki," na ce. "Kwantar da taka ka hau bayanta."

Na kifa su ɗaya bayan ɗaya a cikin laka, na bi ta kansu da rarrafe, katako yana ƙara a ƙarƙashina. Na kama shi ta hammata, na yi ta ja ina salati, shi yana kiran Yesu. Da ƙyar laka ta sake shi, ta riƙe takalmansa.

Muka zauna jikin katanga muna kallo har ruwa ya rufe kujerun. Na jira ya yi mini faɗa, bai yi ba.

"Kada ka gaya wa matata," ya ce.

Muka hau danfo, ƙaramar bas ta haya, mutane suna matsawa saboda warin laka. Har muka isa Agege bai saki hannun rigata ba.